Shekarar da Nicanor Ya Ƙi Yarda da Kansa

A ƙauyensu na bakin teku, Nicanor Berrío ne mai duban damina. Dabarar ta kakanni ce: kwana goma sha biyun farkon Janairu, kowace rana tana tsaya wa wata guda. In an yi yayyafi ran huɗu, Afrilu zai zo da ruwa, sai a fita shuka. Ubansa bai taɓa kuskure ba. Shi kuwa shekara bakwai a jere sama tana kunyata shi, don ruwa ya daina zuwa lokacin da ya saba.

"Ni fa kazar gidanmu ta fi ni sanin hadari," yakan ce, ya riga kowa dariya.

Bana kam babu wasa. Jar masarar da ya gada wurin ubansa, wadda ba a sayar da irinta a kasuwa, ƙwarya ɗaya ta rage. In ta ƙone a ƙasa, shi ke nan.

Ran huɗu aka yi yayyafi. Maƙwabcinsa Temístocles ya leƙo ta shinge.

"Mutumina, me kwanakin suka ce?"

"Afrilu."

"Madalla. Mayu ke nan."

"Afrilu na ce, kurma!"

"Na ji ka sarai. Ai duk garin nan abin da ka faɗa muke juyawa, kuma wallahi muna samu."

Nicanor ya ƙyalƙyale da dariya, amma maganar ta yi masa ciwo. Da ya zauna ya auna, sai ya ga hikima: tunda kowa na cin riba da ƙaryata shi, don me shi kaɗai zai ci gaba da zama wawa?

Afrilu ya kama, ruwa ya yi mako uku yana zuba.

"Tsoho, ƙasa ta jiƙu fa," in ji matarsa Ubaldina.

"Yaudara ce. Ni na ce Afrilu, kin kuwa san yadda maganata take."

A Mayu ya shuka ƙwaryar duka. Ruwa ya ɗauke cak. Iskar teku mai gishiri ta bi tsiron da bai wuce tsawon yatsa ba, ta ƙone shi.

Ya tsaya bakin gona, Ubaldina na gefensa.

"Sau ɗaya na yi gaskiya cikin shekara takwas," ya ce, "kuma ko ni ban saurari kaina ba."

Ya durƙusa ya tsinki ƙonannen tsiro guda, ya murje shi a tafin hannunsa.