Hawayen da Fermín Ya Ƙaryata

Shekara ashirin da bakwai Fermín Olazábal ya yi a garin Tarija, inda ya zo a baƙo, yana rubuta shafin addini a jaridar Lahadi, amma har yau in ya buɗe baki sai a ce, "Ga mutumin Sifaniya nan." Abin bai taɓa damunsa ba sai wannan makon.

A wani ƙauye aka ce mutum-mutumin Budurwa Maryamu da ke cocinsu yana zubar da hawaye. Fermín ya je, ya durƙusa kamar kowa, sannan ya zagaya bayan cocin. Nan ya tarar da bututun ruwa ya fashe cikin bango, yana ɗiga kan fuskar mutum-mutumin. Abin da ya gani ya rubuta.

Tun da jaridar ta fito mutane suka juya masa baya. Mai burodi ta sallame shi ba gaisuwa. Sau uku ana kiran waya, in ya ɗauka sai a kashe.

"Da ka bar mutane da hawayensu," in ji matarsa Casilda.

"Ƙarya kike so in rubuta?"

"Ni ban ce ba, tsoho. Amma in gari ya ɗau zafi, ni 'yar gida ce. Kai fa?"

Ran Laraba da hantsi aka buga ƙofa. Ya leƙa ta taga, sai ga matan ƙauyen su biyar, Doña Eduviges mai sharar cocin tana gaba. Da ƙyar ya zare sakata.

"Don Fermín," ta ce, "sati uku ina ba jikata ruwan hawayen nan tana sha, cikinta na ta ƙara lalacewa. Da aka karanta mini takardarka na kai ta asibiti. Ta fara tashi."

Ya sauke ajiyar zuciya.

"Kada ka yi saurin murna. Ka rubuta wai mu bayin Allah ne masu saurin yarda. Gobe in kun ga dama ku ce jakuna! Ka zo ranar Lahadi ka faɗa a gabanmu."

Kwana huɗu yana tsara magana yana yagawa. Ranar Lahadi ya tsaya gaban jama'a a cocin. Ya ce maganar bututu tana nan daram, amma waccan kalmar ya yi kuskure, su yafe masa.

Wasu suka tashi suka fice. Da yawa suka zauna. Bayan an tashi, wani dattijo ya matsa masa, wai sai ya tsaya ya ci masara da cuku kafin motar gari ta zo.