Kukan Amalanken Don Abelardo

Sau uku ke nan Don Abelardo yana sa a gyara wa talabijin zama a baranda, duk bai yi masa ba. Rabin ƙauyen ya hallara tun kafin la'asar, kowa da kujerarsa. Yau wata tashar Amurka za ta nuna shirin al'adun da ta ɗauka a bikin amalanken shanu na bara, kuma babu wanda Abelardo bai tare a hanya ya shaida masa cewa da amalankensa za a buɗe shirin ba.

Matsalar ita ce Fulgencio, ƙanin matarsa, shi ma haka yake ta faɗa. Gardama ta yi gardama har suka rantse: wanda ya faɗi, a aske masa gashin baki a bainar jama'a. Shekara arba'in da biyu aska ba ta kusanci na Abelardo ba, yana ji da shi fiye da gonar kofinsa. Ga Nicanor wanzami can ya harɗe a gaba, aska na leƙowa daga aljihunsa.

"Suruki, yi masa sallama tun yanzu," in ji Fulgencio. "Gobe ko karenka ba zai gane ka ba."

"Kai dai ji da naka, wannan da kamar ɓera ya yi wa kiwo."

Baranda ta ɗauki shewa. Abelardo ya murza gashin bakinsa, farin ciki da fargaba sun haɗe masa.

Aka fara. Kiɗa ya tashi, sai ga ƙafar amalanke ta cika allo tana juyawa, ja da ruwan ɗorawa, da tauraro a tsakiya.

"Nawa!" Abelardo ya miƙe, ya manta da ciwon gwiwa.

"Wallahi nawa ne!" in ji Fulgencio.

Babu fuska, babu shanu, ƙafa ce kawai. Kuma mai fenti ɗaya ne ya zana musu, tauraro iri ɗaya. Wuri ya kaure. Wata ta ce ta ga inuwar hular Fulgencio, wani ya ce ai inuwar saniya ce. Nicanor ya ce shi fa bai zo a banza ba, in ta kama ya aske duka biyun. Haka aka cinye shirin da musu, ba wanda ya ji abin da mai bayani ke faɗa.

Can a ƙarshe aka sake nuno ƙafar, wannan karon babu kiɗa. Sai kukan amalanken kawai, zoben ƙarfe na bugun cibiyar ƙafa: talan, tak-talan, talan.

Doña Eduviges, matar Abelardo, ba kallo take ba. Idanunta sun yi rauni, tana zaune a bakin ƙofa ta ba allon baya tana ɓarar wake. Ta ajiye kwanon, ta karkaɗe zani, ta miƙe.

"Ku ba ni hanya in ɗora ruwa," ta ce. "Tsohon ya haye gada, yanzu zai shigo yana neman kofinsa."

Kowa ya san kowane amalanke da kukansa, ita kuwa na mijinta ta ji. Kowa kuma ya san wata takwas ke nan da gwiwa ta sa Abelardo sayar da shanunsa, amalanken na kwance a rumfa kaji na ƙwai a ciki.

"Ga ni nan, tsohuwa," ya ce a hankali.

Ta tsaya, ta juyo wajen muryarsa, ta yi 'yar dariya. "To, ai na riga na tashi." Ta shige.

Fulgencio ya cire hula, ya ja kujera gaban wanzami. "Yaya ta gama da ni. Nicanor, bi a sannu, marayan gashi ne."

Ihu ya ɓarke, ana tafi ana buga kujeru. Mako guda Abelardo ya yi yana tanadin baƙar maganar da zai yaɓa wa Fulgencio, amma ko ɗaya bai tuna ba. Ya bar su da askinsu, ya bi ta madafa, ya tsaya a ƙofa yana kallon yadda take laluben tukunya.

Shekara arba'in yana dawowa ya tarar da kofi da zafinsa, bai taɓa tambayar yadda aka yi ba.