Ɗankwalin 'Yar Fari

Dakta Terfa ya danna kwamfuta, shanun da ke cikin hoton suka tsaya cak a tsakiyar rafi, wata saniya da ƙafarta a sama. Ya cire tabarau ya shiga murza ido. Juwairiya ta san abin da zai biyo baya, don ba yau ta fara ganin wannan murzar idon ba.

"Hoto ya yi kyau, sauti ya yi kyau," in ji shi. "Amma ina kai a ciki?"

Shi ne malamin da ke duba fim ɗinta na kammala digiri. Hausarsa ta kasuwar Lafiya ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa, kuma ba ya ɗauko ta sai Turanci ya kasa shiga kan ɗalibi.

"Yallaɓai, rugarmu ce. Shanunmu ne."

"Shanu ba ya yin digiri a nan. Tun farko na faɗa, a wannan kwas mutum zai juya kyamara ya kalli kansa. Doris na ajinku ya yi a kan ranar da sun gudu daga gona, ya zauna ya yi magana, mamansa ya yi magana. Kai ka ce min fim a kan kai da mamanka, sai ka kawo tallan madara. Ina maman? Bayansa kawai na gani."

Gobe malamin da zai yi musu jarrabawa zai iso daga wata jami'a, kuma duk fim ɗin da Dakta Terfa bai sa wa hannu ba, mai shi ya tafi maimaita shekara. Ita kuwa ba ta da wata shekara. 'Yan'uwan Baffa, mahaifinta, sun daɗe suna yi masa dariya, wai ya tura mace jami'a koyon ɗaukar hoto, har ya faɗa a gabansu cewa bana ce ta ƙarshe, da takarda ko ba takarda. Baffa ba ya magana biyu.

"Je ka sa shi ya yi magana a kanka," Dakta Terfa ya ƙara, muryarsa ta ɗan yi laushi. "Ya kira sunanka, ya ce ga yadda na haife shi, ga halinsa. Ko kaɗan ne ya isa. Kyamara ya dawo sito kafin a tashi aiki."

Ta ina za ta fara? Mutumin kirki ne, amma yana tsammanin kowace uwa ce za a kafa wa kyamara ta zazzage cikinta. Juwairiya 'yar fari ce. A wurinsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta nuna a gaban mutane cewa ta san da zamansa. A hannun kakarta ta tashi. Ga Inna, mahaifiyarta, ita "waccan" ce, daga baya ta zama "'yar bokon nan".

Ta saɓa jakar kyamara ta tari acaba zuwa tasha. Motar Agyaragu ta ƙi cika, ta zauna tana zufa tana duba batir, wanda ta tarar da rabinsa ya tafi, ga shi tun jiya ba wuta a makaranta. Da aka sauke ta, sauran tafiyar da ƙafa ce, ta tsakiyar kunyoyin doya, taɓo na kama takalminta. Duk hanya tana shirya yadda za ta lallaba Inna, kuma duk abin da ta shirya ita kanta ta san ba zai ci ba.

Ta sami Inna a gindin mangwaro tana burga nono. Ta durƙusa ta gaishe ta, Inna ta amsa wa ƙwarya. Juwairiya ta kafa kyamara a kan ƙafafunta.

"Inna, ba ni labarin 'ya'yanki."

Inna ta saki fuska. Ta kawo labarin Hafiza da rigimarta, da Saleh da ya fara kiwo tun bai kai tsawon maraƙi ba. Ta yi ta zuba, har da dariya.

"Ta farin fa?"

Maburgi ya ci gaba da juyawa.

"Inna, ranar da aka haife ni, ruwa ake yi ko rani ne?"

"Kazar can za ta shiga hatsi," in ji Inna, ta jefi kazar da ba ta yi laifin komai ba.

Nan fa dabara ta ƙare wa Juwairiya. Ta bar bayan kyamara ta zo ta zube a gabanta. "Inna, don Allah. Sunana kawai, sau ɗaya. In ba ki faɗa ba karatun nan ya tashi a banza. Mutanen da za su gani ba su san ki ba. Don girman Allah, Inna."

Inna ta rufe ƙwarya da faifai a hankali. "Ashe boko har kunya yake cirewa," ta ce da faifan. Ta miƙe ta shige ɗaki, ta saki asabari.

Juwairiya ta daɗe a durƙushe. Haushi ya taso mata, irin wanda yake zuwa da hawaye. Alamar batir ta koma ja. To, tunda kanta ake so ta kalla, bari ta kalla. Ta jawo turmi ta kife, ta zauna ta ba ɗakin baya, ta juya kyamara ta danna. Da Fulatanci ta fara, abin da ba ta taɓa yi a fim ɗin ba.

Ta faɗi sunanta da kanta, tunda ba mai faɗa. Ta ce ranar da za ta tafi makarantar kwana kowa ya raka ta bakin hanya, ban da uwarta, wadda ta zaɓi ranar don wankin ƙore. Ta ce da ƙyanda ta kwantar da ita, kakarta ce kawai ta gani tsaye a kanta, kuma har yau ba ta san ko Inna ta leƙo ba. Ta ce ta san al'ada ce, an gaya mata, ta ma rubuta hakan a jarrabawa ta ci maki, amma sani bai taɓa hana abin ciwo ba. "Ban taɓa ganin uwata tana kallona ba," ta ce, daga nan kuka ya ƙwace mata, ta bar shi ya yi yadda yake so. Da ya lafa, ta miƙa hannu ta kashe.

Don ta tabbatar sauti ya shiga ne kawai ta mayar da hoton baya a ɗan gilashin kyamarar. Ga fuskarta, jage-jage da hawaye. Sai ta lura asabarin da ke bayan kafaɗarta ya ɗaga.

Inna ce tsaye a bakin ƙofa, hannu ɗaya a kan baki, idonta ƙur a kan bayan 'yarta. Ba ta ƙifta ba. Da aka zo maganar ƙyanda, ta girgiza kai da ƙarfi, kamar mai musu da wani. Da kukan ya ɓarke, ta tako gaba, hannunta ya miƙo, sannan ta tsaya ta mayar da shi ta damƙe bakin zane. Juwairiya na motsawa don kashe kyamara, asabari ya sauka.

Ga fim ɗin nan a hannunta, wanda ba malamin da zai ƙi sa wa hannu. Amma ji ta yi kamar ta leƙa Inna a wurin wanka. Tana iya saɓa jaka ta kama hanya, Inna ba za ta taɓa sani ba, rana kuma ta riga ta karkata. Ta ɗora jakar a kafaɗa. Ta sauke.

Ta yi sallama a ƙofar ɗakin, ta ajiye kyamarar a kan tabarma kusa da ƙafar Inna, ta kunna, ta juya fuskarta ga bango. Muryarta da kyamarar ta ɗauka ta cika ɗakin, kunya ta ishe ta. Hoton na kaiwa ƙarshe batir ya mutu.

"In kin ce a goge, zan goge," ta ce da bango. "Sai in dawo gida."

Can daga garke maraƙi ya yi kuka.

"Me ke ciki da za a goge?" in ji Inna. Ta yi gyaran murya. "Ɗankwalin wata ne ya karkace, shi nake kallo. A kai musu, su ma su ga an girma ba a iya ɗauri ba."

Juwairiya ta kai hannu kanta. Ɗankwalin na nan daram, yadda ta ɗaura shi da safe.

Ta tattara kayanta ta fito. Lokaci ya ƙure, sai ta yi da gaske kafin ta tarar da mai sito. Amma da ta kai kan hanyar gonar doya ta ji motsin asabari a bayanta, sai ta sa yatsa ta ɗan ture ɗankwalin gefe guda, ta rage sauri, ba ta waiwaya ba.