Mayen Ƙarfen Pak Darmaji

Mayen ƙarfen bai fi ɗan goro girma ba, a naɗe cikin tsumma mai laushi don kada ya karce fenti. Amma ranar baje kolin tsofaffin motoci a filin Salatiga, babu abin da masu motoci ke shakka kamarsa. Pak Darmaji, alƙalin gasar, yakan ɗora shi a jikin mota, ya janye hannunsa. In ƙarfe ne ƙarƙashin fentin, sai ya maƙale. In kuwa wata lotsawa aka cike da fila, ƙullin nan na masu gyaran mota, aka shafe, sai ya sulmiyo ya faɗi kan ciyawa kowa na gani, maki ya bi shi.

Darmaji ya daɗe yana alƙalancin ƙungiyar masu tsofaffin motocin. Dokarsa biyu ce tak. Kowace ƙofa da kowane sashe na mota sai mayen ƙarfe ya hau shi. Sannan duk motar da alƙali ya taɓa sa wa hannu wajen gyara, ko da guduma ya miƙa, to wannan shekarar ba shi ba alƙalanci. Saboda haka ne ko taya bai taɓa taya abokinsa Kusno canzawa ba, alhali tare suka tashi a layi ɗaya.

Da hantsi, ana cikin jera motoci, shugaban ƙungiya Pak Handoko ya ja shi bayan rumfar mai tsiren kaza, inda hayaƙi zai rufe su.

"Pak Dar, ka ga abokinka kuwa?"

"Na gan shi."

"Ka ga yadda rigarsa ke yawo a jikinsa? Likita ya gaya wa matarsa zuciyar ta gaji. Wa ya san ko zai ga baɗi?" Handoko ya rage murya. "Mutumin nan kullum na biyu, kullum na biyu. Bana kowa ya yarda a ba shi kofin. Har Koh Tjin, da motarsa ce kaɗai za ta iya kayar da shi, ya ce shi bai damu ba."

"To in kowa ya yarda, me ake nema da ni?"

"Ƙofar baya ta hagu. Ka wuce ta kawai. Ko ka ɗora abin naka ka riƙe da yatsa, wa zai lura?"

Darmaji ya san labarin ƙofar. Da damina Kusno ya goga ta da ginshiƙin gareji, domin hannunsa na hagu ya fara rawa. Da can da kansa zai buge ƙarfen ya miƙe sumul. Yanzu guduma ta fi ƙarfinsa, kuma ya rantse baƙon hannu ba zai taɓa masa mota ba. Sai ya cike wurin da fila, ya goge, ya fesa fenti.

"Ba ƙarya na ce ka yi ba," in ji Handoko. "Tausayi ne."

"Na ji," Darmaji ya ce. Ya fita daga hayaƙin yana murza ido.

Motar Kusno tana can ƙarshen layi, tsohuwar Holden koriya shar kamar sabon ganyen ayaba. A bola ya tsinto ta, kaji na ƙwai a kujerar baya. Shi ya ɗinka kujerun, shi ya wanke injin har mutum zai iya cin shinkafa a kansa. Yana zaune kan kujerar roba a bayan igiya, inda masu motoci ke tsayawa, matarsa Bu Warsini na riƙe masa da lema.

"Ga makahon alƙali nan!" Kusno ya ɗaga murya. "Dar, ka goge tabaran nan kuwa? Bara da miya a jikinsu ka duba mini mota."

"Rufe mana baki, tsohon direban kaji. Mai mota ba ya magana da alƙali."

"Ni da motata nake magana. Kai dai ka faɗo a tsakani."

Mutane suka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Bu Warsini ba ta yi ba. Ta dubi Darmaji sau ɗaya, ta sunkuyar da kai.

Sai da ya gama da sauran motocin ya zo kan biyun da ake jira. Ta Koh Tjin, mai shagon kayan gini, baƙa ce wuluk, ya shekara yana hidimarta. Darmaji ya leƙa ƙarƙashinta da madubi mai sanda, ya buɗe inji, ya shinshina kujeru. Mayen ƙarfe ya hau ko'ina ya zauna daram. Abu ɗaya ya samu: zaren ɗinkin kujerar gaba ba irin na zamaninta ba ne. Ya rage maki kaɗan.

Ya juyo kan koriyar. Filin ya yi tsit, har mai sayar da soyayyar ayaba ta bar kaskonta ta matso. Ya duba injin ya daɗe, ba don yana neman aibu ba. Babu ko ɗigon mai. Ɗinkin kujeru kuwa ya fi na Koh Tjin nesa ba kusa ba. In da a nan aka tsaya, kofi ya zama na Kusno.

Ya fito da mayen ƙarfe. Murfin inji, ya kama. Ƙofar gaba ta dama, ya kama. Ta baya, ya kama. Ya zagaya ta bayan motar a hankali, kamar mai tafiya cikin taɓo. Handoko ya yi gyaran murya. Darmaji ya tsaya gaban ƙofar baya ta hagu, ya ga fuskarsa a cikin fentin, ya kuma ga Kusno can baya a zaune, ƙarami, ya miƙo wuya yana kallo.

Ya ɗora. Yatsunsa suka ɗan jima a kai. Sannan ya janye hannu.

Abin ya sulmiyo, ya faɗi kan ciyawa ba ko ƙara.

Wata mata ta ce, "Haba!" Wani ya ja tsaki. Darmaji ya durƙusa ya ɗauki abinsa, ya karkaɗe tsumman, ya ci gaba zuwa ƙofar gaba ta hagu, domin ita ma ba a duba ta ba tukuna.

Da aka kira sunan Koh Tjin, tafin bai fi na mutum biyar ba. Shi kansa ya karɓi kofin kamar an miƙa masa garwashi. Bai koma wurinsa ba, sai ya nufi kujerar roba.

"Pak Kus, wannan naka ne. Ni ƙofa ce ta ba ni."

"Kai, Koh, ɗauke mini wannan daga gabana," in ji Kusno. "Ka kai gida ka riƙa goge shi da kyau. Aro na ba ka. In na zo karɓa na ga tsatsa, sai mun yi shari'a."

Aka fara watsewa. Babu wanda ya kira Darmaji cin abinci. Handoko ya wuce shi kamar bai gan shi ba. Yana naɗe madubinsa sai ga Bu Warsini a kansa, idonta ja.

"Mas Dar, maigidana yana kiranka."

"Bu, ni..."

"Ni ban ce komai ba. Je ka dai."

Ya tarar da Kusno ya koma cikin motar, a kujerar direba, ƙofa a buɗe, yana numfashi da ƙyar. Darmaji ya tsaya daga waje.

"Shigo mana. An gama alƙalanci, motar ba za ta cije ka ba."

Ya shiga ya zauna. Suka ɗan jima suna kallon masu kwance rumfuna.

"Handoko ne ya ja ka bayan mai tsire, ko?"



"Wata uku ke nan kowa na yi mini magana kamar jariri," in ji Kusno. "Warsini ta daina yi mini faɗa. Surukina, wanda ko gaisuwa sai an tuna masa, yanzu shi ke ɗauko mini takalmi. Ko dara muka yi da maƙwabta sai su bar ni in ci. Da na ga ka tsaya gaban ƙofar nan, na ce a raina, in abin nan ya maƙale, to shi ke nan, har Dar ya yi mini sallama. Sai in aika a yanko likkafani."

"Ka daina irin wannan maganar."

"Da ya faɗi kuwa, wallahi sai na ji yunwa. Rabona da jin yunwa tun kafin azumi." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da tarin ya lafa, ya miƙa hannun hagu, yana rawa a kan sitiyari. "Ƙofar nan sai an kwashe filan an buge ta da guduma. Ka ga hannun. Kuma ka san ba zan bar yaran gareji su taɓa ta ba."

"Na sani."

"Ni zan nuna wurin, wani ya buga. Sai dai wanda ya buga, baɗi ba shi ba alƙalanci. Wani tsoho mai taurin kai ne ya kafa dokar."

Darmaji ya dubi mayen ƙarfen da ke tafin hannunsa. Can gefen fili Bu Warsini na tsaye da lema a naɗe, tana kallonsu. Hadari ya fara haɗowa ta kan dutsen Merbabu.

Ya buɗe ƙaramin akwatin da ke gaban kujerarsa, ya ajiye abin a ciki, ya rufe.

"Gudumar taka na nan, ko ita ma kaji sun yi ƙwai a kanta?"

"Asabar," in ji Kusno. "Ka zo da wuri. Kuma ka goge tabaran."

Ya murza makulli. Injin ya tashi a bugu ɗaya.