A Goge Komai Tas

Injiniya Bara'u mutum ne da ya san komai, kuma bai taɓa yi wa kowa rowar wannan baiwa ba. Shekara goma sha takwas yana unguwar Erdington a Ingila yana auna wa Turawa ƙarfin gada. To wace ce 'yarsa Khairat, 'yar shekara sha shida, da za ta koya masa bambancin game da zane?

"Baba, it's not a game," haka take cewa kullum, tana ɗaga 'yar na'urar game ɗinta ta hannu mai alƙalamin roba. "Manhajar zane ce a ciki. Duk aikina na shekara biyu yana nan."

"Na ji. Mu ma a Kano da gawayi muka yi wa bango ado, ga shi yau duniya na rububinmu."

Da jarrabawa ta matso, ya ƙwace na'urar ya kulle a durowa. Khairat ba ta yi gardama ba, ta saba, bayan sati guda ake dawo mata da ita. Sai dai a wannan satin Usama, wani ɗalibi da ke Ardwick a Manchester, ya sanar a group ɗinsu na waya cewa zai tafi gida Kano ranar Alhamis, kuma akwatinsa na da sauran wuri. Kai, nan take Injiniya ya ga hikimar da babu mai gani sai shi: yarinya ta yi karatu, 'ya'yan ƙaninsa kuma su sami tsaraba. Ya aika na'urar ta post, ya bi ta da saƙon murya.

"Usama, a goge komai tas, a mayar da ita kwalinta. Kada a je a ce ɗan'uwansu na Ingila kwancen 'yarsa ya aiko musu."

Ranar Laraba aka yi taron iyaye a makaranta. Malamin zane, Mista Choji, mutumin Jos, ya tare shi da fara'a har kunne.

"Injiniya, Allah ya ba ka 'ya! College ɗin Manchester sun kira ta interview ranar Asabar, da na'urar za ta je ta nuna musu zanenta arba'in. Na yi na yi ta kwafe su wani wuri, ta ce sai ta gama na tsohuwar nan mai tsintar shinkafa a faifai. Mahaifiyarka ce, ko? Ta ce daga video call ta haddace fuskarta, kai za ta ba ranar Sallah."

Inna ta rasu shekara uku da suka wuce. Ba ta yarda a ɗauke ta hoto ba, hotonta ɗaya tak da ke hannunsa na katin zaɓe ne, wanda ko ita ba ta gane kanta a ciki ba. Injiniya ya kira Usama sau tara, wayar a kashe, yaron yana can yana sallama da abokai.

Yana idar da sallar asuba ya hau babbar hanyar M6 zuwa Manchester. Mutumin da ke yi wa kowa lacca kan gudu, ranar kamarar hanya ta san lambarsa. Ya tarar da Usama zaune a kan akwati yana kokawa da zip.

"Yallaɓai, ai da ba ka wahalar da kanka ba," in ji Usama, yana miƙo kwalin cike da alfahari. "Reset na yi mata har sau biyu, har katin ajiya na ciki na share. Wallahi kamar yau aka fito da ita daga shago."

Yaron kirki. A duk Ingila shi kaɗai ne ya taɓa bin umarnin Injiniya ba ragi.

Da la'asar ya ajiye kwalin gaban Khairat a teburin kicin. Tun daga Manchester yake shirya jawabi, amma sai kawai ya tura mata kwalin. Ta kunna. Manhajar ta yi mata maraba cikin ladabi, ta tambaye ta sunanta, sannan ta shimfiɗa mata farin allo.

Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba, shi kuwa ya so a ce ta yi.

"Hannunta na hagu kawai ya rage in zana," ta ce a hankali, da Hausarta mai targaɗe. Ta tura masa na'urar da alƙalamin. "Ga shi, Baba. Game ne. Ka dawo da Inna."