Addu'ar Karɓar Bashi

Mugunta iri-iri ce, amma wadda ta fi ƙazanta ita ce ka san inda ɗan'uwanka yake jin kunya, ka ɗora ƙafa a daidai wurin, kana murzawa kana kiran sunan Allah. Wannan shi ne laifin Mama Ma'aji, kuma ga yadda ta ƙare da shi.

Shekara goma sha ɗaya tana riƙe da kuɗin zumuntar mata a cocinmu. Mace ce ƙatuwa, mai murya kamar ta maza biyu. Duk Laraba da yamma mata kan taru a ƙaramin ɗakin da ke bayan coci, mai benci takwas da fanka guda da ta fi kuka da ba da iska. A yi waƙa, a yi nasiha, kowace ta jefa abin da ta samu a akwatin taimako. Sannan kowa ta sunkuya ta rufe ido, Mama Ma'aji ta rufe taro da addu'a.

A cikin matan akwai Mai Ɗinki, wadda shagonta ke bakin titi tsakanin mai faci da mai sayar da katako. Ba ta da surutu, ba ta taɓa cin yadin kowa ba. Mijinta direba ne. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, asibiti suka ce a kawo dubu tamanin kafin su taɓa shi. Ta juya gida, ta juya shago, ba ta haɗa ko rabi ba. Sai ta tafi gidan Mama Ma'aji, ta durƙusa.

"Mama, ko akwai ɗan wani abu a akwatin taimako?"

"Wane akwati? Ɗiyata, akwatin nan ko ɓera ya shiga da hawaye zai fito." Ta duba ƙofa, ta rage murya. "Amma ke tawa ce. Zan ba ki daga abin da na ajiye don ranar mutuwata. Duk wata ki kawo dubu takwas na wahala, har ranar da kika dawo da uwar kuɗin. Kuma kada kowa ya ji. Ba don ni ba, don ke. Kin san bakin matan nan. Mai bashi a wuya, wa zai ƙara ba ta yadinsa?"

Mai Ɗinki ta karɓa tana godiya har ƙasa.

Sati uku mijin ya yi ya rasu. Ana zaman makoki Mama Ma'aji ta zo, ta rungume ta gaban jama'a, ta fi kowa kuka. Sannan ta kai baki kunnenta ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri. Ƙarshen wata jibi ne fa."

Wata goma sha huɗu Mai Ɗinki tana kai dubu takwas, uwar kuɗi na nan ko gezau. Bayan wannan, duk rigar da Mama Ma'aji da 'ya'yanta mata suka sa, a shagon aka ɗinka, ba a taɓa maganar kuɗin ɗinki ba. In ta zo karɓa sai ta ɗaga rigar tana duba kalmasa ta ce, "Hannunki ya fara lalacewa. Ko da yake mai yunwa ba ta ganin ramin allura."

A wata na goma sha biyar mai shago ya ƙara kuɗin haya, Mai Ɗinki ta kasa kai wa Mama Ma'aji dubu takwas ɗin. Mama Ma'aji ba ta zo shago ba, ba ta aiko ba. Sai Laraba, da kowa ya sunkuya, ta ɗaga murya.

"Ya Uba, kai ne mai ganin abin da ke ɓoye! Akwai wata a cikinmu, tana nan zaune, ta sha ado, amma kuɗin mutane ne a cikinta. Ta manta ranar da ta zo tana rarrafe. Ka hana ta barci, ya Ubangiji. Ka taɓa zuciyarta kafin Juma'a, don kada ka bari bakina ya faɗi sunanta!"

Mata suka ce, "Amin."

Mai Ɗinki ta ji kamar an tuɓe mata zane a tsakiyar kasuwa. Kafin Juma'a ta sayar da rediyon marigayi da takalmansa biyu, ta kai kuɗin. Wata mai zuwa ta sayar da katifa. Wanda ya biyo baya babu abin sayarwa, sai Mama Ma'aji ta zo da kanta da tsakar rana, ta sa aka kwance kan keken ɗinki, aka naɗe shi a buhu.

"Mama, da me zan yi aiki in biya ki?"

"Ajiya ce. Ko kin fi so in tsaya nan bakin titi in yi wa mai faci bayani?"

"A'a, Mama. Ku tafi da shi."

"Na dai san mijinki da kuɗina a jijiyarsa aka binne shi. Ban ce a tono shi ba. Ki gode."

Daga ranar Mai Ɗinki ta zama maƙaryaciya, ita da ba ta saba ba. Duk mai yadin da ta zo sai ta ce keke yana wajen gyara. Ta kan tura ƙofar shago rabi, ta zauna daga ciki tana ɗinkin hannu har yatsunta suka tsage. In ta hango wata 'yar coci a hanya sai ta canja lungu. Ba yunwa ce ta fi cin ta ba, tsoron kada a sani ne. Kuma ba ta fasa zuwa Laraba ba, don ta san ranar da benci ya rasa ta, ranar za a kira sunanta.

Wata Laraba aka sunkuya, Mama Ma'aji ta fara. "Ya Uba, wannan baiwa taka mai taurin kai, har yau ba ta ji ba..."

Mai Ɗinki ta yi ta matse ido, ido ya ƙi rufuwa. Ta gaji. Ta ce a ranta, Allah dai ya riga ya sani, wa nake ɓoye wa fuska? Sai ta ɗaga kai.

Ta duba matan da ke kewaye da ita. Mai Ƙwai, da ke gefenta, ta cusa bakin zane a baki tana cizo. Malamar makaranta ta ƙanƙame jakarta. A bencin gaba Nas na share hawaye da bayan hannu. Ita kuwa Mama Ma'aji, mai addu'ar, idonta biyu a buɗe tar. Bakinta na kiran Uba, idonta na bin benci-benci, tana duban wadda maganar ta kama da wadda ba ta kama ba.

Suka haɗa ido. Mama Ma'aji ba ta ko saurara ba. Tana ci gaba da addu'a ta ɗaga yatsa, ta yi mata alama ta sunkuya.

Mai Ɗinki ta miƙe tsaye. Ta dafa benci.

"Mama, ba sai kin wahalar da Ubangiji ba. Ni ce."

Mama Ma'aji ta daka mata tsawa.

"Zauna! Ba a katse addu'a."

"Ni ce mai bashin. Na karɓi dubu tamanin a hannun Mama don jinyar mijina. Na biya dubu takwas sau goma sha shida, har yau tamanin ɗin na nan. Kekena ba ya wajen gyara, ƙarya na yi muku, yana gidanta. Mai shago yana bi na wata biyu, mai zare yana bi na dubu uku. Ban sata ba. Ga ni, ku dube ni da kyau."

Suka kuwa dube ta. Wata tsohuwa ta yi tsaki. Wata daga baya ta ce, "To lalle gobe zan zo karɓar yadina." Wasu biyu suka ƙyalƙyale da dariya. Mama Ma'aji ta tafa hannu ta ce, "Kun ji ko? Na rufa mata asiri, ta tona kanta. Shaiɗan ke nan!"

Mai Ɗinki ta tsaya, ba ta zauna ba, ba ta sunkuya ba. Ta ji abin da ta fi tsoro ya zo ya same ta, kuma ga ta nan a tsaye ba ta mutu ba.

Sai Mai Ƙwai ta cire zane daga baki. "Yaya, ke ce? Wata shida ina zawo duk daren Laraba, na ɗauka da ni ake!"

"Ke ma?" in ji Nas. "Ni ta ce mini ni kaɗai ta taɓa ba."

"Kuɗin ranar mutuwarta, ko?" in ji Malama. "Mama, sau nawa za ki mutu?"

Kafin a ankara mata tara na tsaye. Har wadda ta ce za ta karɓi yadinta ta miƙe a hankali, kanta a ƙasa. Matar Fasto ta miƙa wa Malama alli ta ce ta rubuta a allo abin da kowace ta karɓa da abin da ta biya. Aka tara. Uwar kuɗi dubu ɗari huɗu da goma. Ruwan da aka biya a kai, dubu ɗari shida da talatin.

Matar Fasto ta juya. "Mama, ke ba sana'a ba, Baba mijinki kuma ɗan fansho ne. Ina kika samo dubu ɗari huɗu?"

"Allah ne ke buɗa wa bayinsa."

"Amin. To a buɗe mana akwati."

Mama Ma'aji ta ce makulli na gida. Aka ce ba komai, a raka ta. Mata kusan talatin suka sa ta a gaba da sauran hasken rana, suka bi ta bakin titi, ta gaban mai faci da mai katako, kowa na leƙowa yana tambaya ko rasuwa aka yi. Mijinta na zaune ƙofar gida yana karanta jarida, ya miƙe da tabarau a hannu, bai san abin da ake ciki ba.

A uwar ɗakinta aka sami kan keke a buhu, da zoben Nas, da takardar shaidar aikin Malama, da ƙaramin firij ɗin Mai Ƙwai an jera takalma a kansa. Aka sami littafin zumunta. Shekara uku ba a rubuta ko sisi da ya fita taimakon kowa ba, akwati kuma babu komai ciki. Kuɗinsu ne, wanda suka yi ta jefawa duk Laraba, ta riƙa ba su bashi da shi tana karɓar ruwa.

Mai Ɗinki ba ta zage ta ba. Ta ɗora buhun a ka, ta tafi. Washegari ta je wajen mai shago da mai zare da ƙafarta, ta faɗa musu gaskiyar halin da take ciki da abin da za ta iya biya duk sati. Mai zare ya yarda nan take. Mai shago sai da ya yi mata wulaƙanci son ransa gaban mutane, sannan ya yarda. Wasu masu kawo ɗinki ba su dawo ba har yau. Amma ta buɗe ƙofofin shagonta duka biyu, kuma ta daina canja lungu.

Dattawan coci suka zauna kan maganar Mama Ma'aji. Ta yi kuka, ta ce a tuna shekarun da ta yi tana hidima. Aka ce an tuna, shi ya sa ba a kira 'yan sanda ba.

Ga abin da ta rasa. Dubu ɗari huɗu da goma aka ce ta mayar akwati daga aljihunta, duk macen da ruwanta ya kai uwar kuɗi kuma aka soke nata bashin. Abin da ya haura aka ce ta mayar wa masu shi. Don ta biya, ta sayar da filin da ta saya a ɓoye, a kan rabin kuɗinsa, saboda mai saye ya san a matse take. Ta sayar da sarƙoƙinta huɗu. Aka karɓe makulli da littafi. Aka hana ta yin addu'a da murya a kowane taro. Mijinta ya kwashe kayansa ya koma gidan ƙanensa. 'Yarta babba ta canja coci don kada a nuna ta. Da hawan jini ya kwantar da ita kwana goma sha biyu, mutum ɗaya ce ta je duba ta, matar Fasto, ita ma don aikinta ne.