A Ajiye Sai Lahadi

Ita dai tela ce, kuma da so samu ne da an bar ta da kekenta. Amma shekara huɗu da suka wuce fasto ya yi wa'azi cewa aikin al'ajibi ba na manyan bayin Allah kaɗai ba ne, kowane mai bi zai iya ɗora hannu a kan marar lafiya ya roƙa, Allah ya amsa. A makon nan 'yar maƙwabciyarta ta sanƙare da zazzaɓi. Tela ta ɗora mata hannu ta yi addu'a, don ba ta san me kuma za ta yi ba, sai yarinya ta yi atishawa ta nemi ruwa. Tun daga ranar mutanen coci suka laƙa mata suna Mai Hannu.

Suna kuwa kaya ne. Falon da take ɗinki ya koma ɗakin jira: mai ciwon baya, mai neman haihuwa, har da wata da ta kawo takardar neman aikin ƙaninta a ɗora wa hannu. Waɗansu sun samu sauƙi, waɗansu ba su samu ba, ita kuma ba ta taɓa cewa ta san dalili ba. Abin da ta sani shi ne ɗinkin mutane yana taruwa, kuma ba ta iya korar wanda ya zo da hawaye.

Abin da ke cin ranta yana zaune a falon nan, kusa da taga, cikin keken guragu. Mijinta ne, tsohon direban bas, wanda ɓarin jikinsa ya shanye shekara uku ke nan. Ta ɗora masa hannun nan har ta daina ƙirge. Ita ke ɗaga shi, ita ke kai masa fo, ita ke tura shi asibiti wajen gashin ƙashi duk bayan mako biyu. Masu zuwa addu'a sukan gaishe shi da ladabi, su fita waje su ce ruwa ba ya tsami banza, lalle akwai wani abu a gidan nan. Tana ji, kuma tana jin zafinsa.

Ranar wata Talata da rana, barci ya sace ta a kan keken ɗinki, kanta bisa yadin wata mata. Ƙarar wani abu ce ta tashe ta. Da ta ɗaga kai sai ta ga keken guragu ba kowa. Ga mijin nan tsaye, ya dafe bango da hannunsa mai lafiya, yana rawa kamar sabon ɗan maraƙi, ya riga ya yi taku uku wajen ƙofar banɗaki.

Ba ta yi ihu ba. Ta je ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatarsa, suka ƙarasa tare, tana kuka yana ce mata, "To ke kuma meye na kuka, kya jiƙa wa mutane yadi."

Da yamma shugabar matan coci ta zo karɓar rigarta. Dattijuwa ce mai kirki, ita ce ma takan biya musu mota zuwa asibiti, sai dai komai ta gani sai ta tsara shi. Tela ta kasa riƙe bakinta, ta gaya mata.

"Yabo ga Ubangiji!" in ji shugabar, ta rage murya. "Wa ya sani ban da ni?"

"Ba kowa, Mama."

"To kada kowa ya ji. 'Yata, wannan ba abin falo ba ne. Ki ajiye sai Lahadi. A kawo shi gaba, ki ɗora masa hannu, ya miƙe a idon jama'a. Gani ya kori ji. Mutum nawa ne bangaskiyarsu ta yi sanyi saboda gidan nan?"

"Mama, ai kamar ƙarya ke nan."

"Ƙaryar me? Ba Allah ne ya tashe shi ba? Ba ke kika yi ta roƙo ba? Ranar shaida kawai muka zaɓa."

Da a ce Tela ta samu barcin kirki a shekara ukun nan, wataƙila da ta ƙi. Amma ta gaji, kuma gaskiya tana so ta ga bakin masu maganar nan a rufe ko da sau ɗaya. Ta ce to.

Mijin bai so ba. "Yanzu ƙafar tawa ma sai an yanka mata rana?" ya ce. Amma ya dubi fuskarta, ya yarda.

Haka ya koma cikin kekensa. Da mutane a falo ba dama ya motsa, falon kuwa ba ya rabo da mutane. In an watse ya ce zai gwada, sai ta danna kafaɗarsa. "Ka yi haƙuri, maigida. In ka faɗi ka gurɗe fa? Kada ka ƙarar da ƙarfin, ka bar wa Lahadi." Kamar dai ƙarfin ƙafa mai ne a kwalba. Ranar Juma'a ta gashi ce, suka ƙi zuwa, don shugabar ta ce kada a ce asibiti ne ya yi. Kwana huɗu tana kai masa fo kamar yadda ta saba, tana goge masa farar riga a zuciyarta tun kafin ta goge ta da dutsen guga.

Lahadi coci ta cika, domin sirrin da aka gaya wa mutum ɗaya ya riga ya zaga. Aka turo shi gaba. Fasto, wanda aka ce masa kawai a yi wa ɗan'uwa addu'a ta musamman, ya miƙa wa Tela makirufo. Ta ɗora hannu a kan mijinta. Kansa ya jiƙe da gumi. Ta yi addu'a, ta ce masa ya tashi cikin sunan Yesu.

Ya dafa hannun keken, ya ɗago kaɗan, ya koma. Aka ƙara waƙa. Ya sake yunƙurawa, jijiyar wuyansa ta fito, gwiwa ta ƙi. A na uku bai ko motsa ba, ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa. Mai ganga ya rage hannu da kansa. Fasto ya karɓi makirufo a hankali ya ce lokacin Allah shi ne lokaci, jama'a suka ce amin a sanyaye.

Ita ta turo shi gida cikin rana. Hanyar ta yi mata tsawo yadda ba ta taɓa yi ba. Kunya ma ba ta ji sosai, gajiya ce kawai har cikin ƙashi, da tsoron kada a ce abin da aka ba su ne suka zubar da hannunsu.

A falo ta cire masa takalma, ta zauna a ƙasa gabansa.

"Maigida, gaya mini gaskiya. Ƙafar ce ta ƙi, ko kai ne ka ƙi?"



"Ni ma ban sani ba," ya ce. "Ranar Talata ba al'ajibi na tashi yi ba. Fitsari ne ya matse ni, na ga kin samu barci, na ce yau dai ba zan tashe ki ba. Yau kuwa da na duba, ban ga dalilin tashi ba sai don a gani."